Asibitin Yara a Daura: A Tambayi Uwa Yadda Ta Taso

A farkon watan Yulin 2025, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda aka fi sani da Na-gari-na-kowa, suka yi abin da ba kasafai ake yi ba a cibiyoyi biyar da suke kula da yara masu tamowa a Jihar Katsina. Bayan sun auna yaran, sai suka juya kan matan da suka goyo su. Iyaye mata 750 aka auna. Fiye da rabinsu aka samu da tamowa a jikinsu, kashi 13 cikin 100 kuma tasu ta yi tsanani. A cikin sanarwar da ta fitar kan wannan ne ƙungiyar ta ce yara 652 sun rasu a asibitocinta na jihar cikin wata shidan farko na shekarar.

Babu ko ɗaya cikin matan nan da ta baro gida don a duba ta. Ɗanta ta kawo. Da ba a auna ta ba, da ta karɓi abincin yaron ta koma gida da yunwarta, ba wanda ya sani.

Yunwa dai ma'auni yana kama ta. Abin da ma'auni ba ya kamawa shi ne yadda uwar ta taso: ko ta sha duka fiye da kima, ko ta yi maraici tun tana tatata, ko an ba da ita riƙo inda ba a ji tausayinta ba, ko wani babba a gidan ya keta mata haddi ta rasa wanda za ta gaya wa. Lokaci ya yi da asibitocin yara na masarautar Daura, daga cikin birni har Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, za su fara yi wa uwa 'yan tambayoyi a kan wannan. Sai dai ba ta hanyar da aka shahara da ita a Amurka ba, inda ake cike takarda a tara wa mutum maki. Wannan hanyar, in aka kwaso ta yadda take aka dire a Daura, ɓarnarta za ta fi gyaranta yawa.

Asalin maganar daga asibitin masu ƙiba ta fito. A 1985, wani likita mai suna Vincent Felitti yana jagorantar sashen rage ƙiba na asibitin Kaiser Permanente a birnin San Diego. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yawancin masu tserewa daga shirin ba waɗanda suka kasa ba ne, waɗanda jikinsu ya fara raguwa ne. Ya riƙa zama da su ɗaya bayan ɗaya, har ya zanta da mutum 286, ya tarar da yawa daga cikinsu an yi lalata da su suna yara. Daga nan ya haɗa kai da Robert Anda na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka tambayi manya fiye da 17,000 tsakanin 1995 da 1997 game da ƙuruciyarsu, suka gwada amsoshin da tarihin lafiyarsu. Sakamakon farko ya fito a 1998. Tambayoyin sun tsaya a kan abubuwa goma: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kula da ci da sutura, rashin nuna ƙauna, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi, zama da mai taɓin hankali, rabuwar iyaye, da ɗaure wani na gida a kurkuku. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen sun ce aƙalla ɗaya ya same su. Mutum ɗaya cikin takwas ya haɗa huɗu ko fiye. Waɗanda suka haɗa huɗun, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka a kansu sau huɗu zuwa sau 12, ciwon zuciya da na huhu da na hanta ma sun fi kama su.

Kuma waɗannan ba talakawa ba ne. Yawancinsu Turawa ne masu ilimi da aikin yi da inshorar lafiya.

Likitoci sun yi bayanin dalilin. Yaron da ke kwana cikin fargaba ya tashi cikin fargaba, jikinsa na ta zuba sinadaran da aka tanada don gudun ceton rai, ba tare da samun hutu ba. In abin ya daɗe kuma babu babban da zai rarrashe shi, yakan taɓa yadda ƙwaƙwalwa ke girma, da garkuwar jiki, da hawan jini, da barci. Yarinyar da ta taso a haka takan zama mace mai saurin firgita, ko mai saurin hasala, ko wadda ta yi sanyi ƙalau har kukan jariri bai cika motsa ta ba. Ba mugunta ba ce. Jikinta ne ya koyi haka tun ba ta san kanta ba.

Najeriya ma ta yi nata lissafin. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar nan ta Amurka, ta gudanar da binciken cin zarafin yara a faɗin ƙasa. Yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu an ci zarafinta ta hanyar lalata, yaro ɗaya cikin goma shi ma haka. Waɗanda suka sami wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ɗan Daura ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda gwamnatinsa ta ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a watan Satumban 2015 bisa wannan sakamako. Yaran da aka yi magana a kansu a lokacin, da yawa cikin matan yanzu su ne ke zaune a kan bencin asibiti da goyo a baya.

Daura kanta ta ga abin da idonta. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a cikin garin, suka fito da mutum 67, yara da manya, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da niyyar a gyara musu hali. Wannan ya fito fili ne saboda ya yi muni har duniya ta ji. Na cikin gidaje ba ya fitowa. Kowa a ƙasar Hausa ya san labarin agolar da ke cin ƙanzo bayan 'ya'yan gida sun ƙoshi, da 'yar riƙon da ta zama baiwa a gidan gwaggonta, da 'yar tallan da ba ta isa ta dawo da ragowar kaya ba, da yarinyar da aka sako uwarta ta tafi ta bar ta a hannun kishiya. A kudanci da yammacin jihar kuma, wajen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari, akwai 'yan matan da suka girma suna kwana a daji don gudun 'yan bindiga. Aure da gudun hijira na kai irinsu ko'ina cikin jihar.

Me ya kawo wannan magana asibitin yara? Amsar tana jikin katin riga-kafi. Ana yi wa jariri allura da haihuwa, sai a mako shida, mako goma, mako 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata tara, a ƙara ta ƙyanda a wata 15. Macen da ba za ta taɓa neman izini ta je asibiti don zuciyarta ta ƙuntata ba, za ta je sau biyar ko shida saboda ɗanta, kuma ba wanda zai zarge ta. Babu wata ƙofar hukuma da matan karkara ke shiga a kai a kai irin wannan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe da fahimtar haka, shi ya sa ta shawarci likitocinta su riƙa binciken ciwon damuwa a wurin uwa duk lokacin da ta kawo jariri awo a wata ɗaya, biyu, huɗu da shida.

Lafiyar yaron ma ba ta rabuwa da ta uwar. Wani bincike da Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 a kan mata masu jego a kudu maso yammacin Najeriya ya nuna jariran matan da ke fama da ciwon damuwa sun fi baya a nauyi da tsawo a wata uku da wata shida. Farfesa Atif Rahman ya ga irin haka a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda jariran irin waɗannan mata suka fi ramewa, suka fi yawan gudawa. A Amurka, wani bincike na 2018 ya gano cewa duk ƙarin masifa ɗaya a ƙuruciyar uwa na ƙara yiwuwar jinkirin girma da wayon ɗanta a shekara biyu da kashi 18 cikin 100. A yankin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce yara 187 cikin kowane 1,000 na mutuwa kafin shekara biyar, wato Arewa maso Yamma, duk abin da ke rage wa uwa ƙarfin lura da ɗanta ba ƙaramin al'amari ba ne.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tamowa ya san uwar da ake nufi. Yaro na kwance, ita tana gefe ta zura wa bango ido. An nuna mata yadda za ta ba shi abincin, ta gyaɗa kai, gobe a tarar bai ci ba. An sallame ta da alƙawarin ta dawo mako mai zuwa, shiru. Abin da takan samu daga ma'aikaciyar da ta gaji da layi shi ne faɗa: "Ke wace irin uwa ce?" Tambayar ta dace, muryar ce ba ta dace ba. Da za a yi ta a hankali a bayan labule, da an ji amsa.

To, a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Jihar Kalifoniya ta rungumi binciken Felitti hannu bibbiyu. Likitar yara Nadine Burke Harris, wadda ta yi suna da wannan aiki a wata unguwar talakawa ta San Francisco, ta zama babbar likitar jihar a 2019, daga Janairun 2020 kuma gwamnati ta fara biyan asibitoci dala 29 a kan duk mutumin da aka yi wa tambayoyin aka fitar masa da maki. A 2020 ɗin ce Robert Anda, wanda da shi aka ƙirƙiro makin, ya fito a rubuce ya yi gargaɗi. Ya ce an yi lissafin ne don fahimtar al'umma gaba ɗaya, ba don a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Maki huɗu na wannan ba ɗaya yake da maki huɗu na wancan ba, domin lissafin bai san tsanani ba, bai san tsawon lokaci ba, bai san shekarun yaron ba sa'ad da abin ya faru. A 2021 wasu masana suka bi diddigin dubban mutanen da aka san tarihinsu tun suna yara a Birtaniya da New Zealand, suka tarar makin ba ya iya nuna wane ne zai kamu da ciwo, wane ne ba zai kamu ba.

Idan haka abin yake a inda aka haifi tambayoyin, ina ga Daura? Takardar ta lissafa rabuwar iyaye a matsayin masifa ɗaya cikakkiya. A nan, yarinya kan tashi uwarta ta fita, amma kakarta ta riƙe ta riƙon da ko uwar sai haka. Wata kuma iyayenta suna tare har tsufa, amma ba ta taɓa jin kalma mai daɗi a gidan ba. Takardar ba ta san riƙo ba, ba ta san kishiyar uwa ba, ba ta san talla ba, ba ta san aurar da yarinya tun ƙirjinta bai cika ba. Kunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ta kau da kai daga ɗanta a gaban mutane, baƙo zai rubuta ta a layin rashin ƙauna, alhali kowa a gidan ya san inda zuciyar uwar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙoƙari ta faɗaɗa tambayoyin, ta sa mutuwar iyaye da rikicin gari da yaƙi da cin zalin tsara, amma tata takardar ta yi tsawon da ba ma'aikaciyar da ke da mata hamsin a layi da za ta iya bi.

Makin kuma ba ya lissafa wanda ya tsaya wa yaro. Masu nazarin girman yara sun haɗu a kan cewa abin da ya fi fitar da yaro daga masifa lafiya shi ne samun babba ko da guda ɗaya da ya riƙe shi da amana. Tarihin Buhari kansa misali ne da Daurawa suka sani: mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa Zulaihatu ta ci gaba da rainonsa, Waziri Alhassan ya ɗauki nauyin gidan. Takarda za ta rubuta maraicin, ta manta da Waziri.

Ga kuma babbar matsala, wato asiri. Asibitin sha-ka-tafi na ƙauye sau da yawa ɗaki ɗaya ne ko rumfa, ana awo ana allura ana rubutu duk a gaban jama'a. Matar da ke bayanki a layi maƙwabciyarki ce. Wadda ta rako ki uwar mijinki ce ko ƙanwarsa. Ma'aikaciyar ma wataƙila 'yar unguwarku ce, kuna haɗuwa a gidan suna. Katin yaro gida yake komawa, ya kwana a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, duk mai iya karatu a gidan zai iya buɗe shi. Kalma ɗaya in ta fita, cewa wance an taɓa lalata ta tana yarinya, ta isa ta kashe aure, ta bi 'ya'yanta mata har ranar da za a zo neman aurensu. Duk tsarin da bai fara da toshe wannan ƙofa ba, gara kada a fara shi.

Saboda haka abin da ya dace da Daura zance ne gajere, ba jarrabawa ba. A keɓe uwa ita kaɗai na minti uku ko huɗu, a ce wa 'yar rakiya ta riƙe jaririn a waje, kamar yadda ake yi in za a duba ciki. Mace ce za ta yi tambayar. Ta fara da yau: "Maman yarinya, ke fa, yaya ƙarfin jikinki? Kina samun barci? A 'yan kwanakin nan zuciyarki na yawan ƙunci, ko kin ji abin da kike jin daɗinsa da ya fita ranki? Wa ke kama miki hidimar yaran?" Tambayoyi biyu na tsakiyar nan, na ƙunci da fitar sha'awa, su ne gajeren gwajin ciwon damuwa da ake amfani da shi a ƙasashe da dama. Daga nan sai ta gangara baya da tambayar da Bahaushe ke yi ba tare da an ji wani iri ba: "A hannun wa kika tashi? Yaya riƙon ya kasance?" In fuska ta sauya, sai ta ƙara: "Akwai abin da ya same ki kina ƙarama da har yanzu yake dawo miki, ko kike jin tsoron ya sami 'yarki?" Kada kuma ta tashi ba ta tambayi wanda ya kyautata mata ba a wancan lokaci, kaka ce ko malama ko matar maƙwabci, domin uwar ta fita tana tuna cewa ta san yadda kyakkyawan riƙo yake.

Ba a neman bayani dalla-dalla. Ba a tambayar suna, ba a cewa "sau nawa". Wadda ta ce ba komai, an karɓa, a gaya mata ƙofa a buɗe take in ta dawo allurar gaba. Ba a rubuta komai a katin yaro. Ba a tara maki.

Za a ce wannan tone-tone ne, abin da ya wuce ya wuce, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri da tawakkali sun riƙe mata da yawa, ba mai musun haka. Amma haƙurin da aka ɗora wa yarinya 'yar shekara tara a kan laifin da babba ya yi mata, wannan rufa wa mai laifi asiri ne, ita kuma a bar ta da ciwon. Zancen cewa matan Hausawa ba sa magana ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata tsohuwa da aka sani da Baba ta Karo ta zauna da wata mata mai suna Mary Smith ta ba ta labarin rayuwarta kaf, da mace-macen gidansu, da harin masu kamun bayi, da aurarrakinta, da 'ya'yan da ta riƙa, har ya zama littafi a 1954. Mijin Mary ɗin, M. G. Smith, shi ne ya rubuta sanannen littafin tarihin sarautar Daura. Abin da ya buɗe bakin Baba shi ne ta sami mace 'yar'uwarta da ta zauna tana saurare ba tare da gaggawa ba.

Wasu kuma za su ce ana fama da abin da za a ci, wa ke ta tarihin ƙuruciya? Gaskiyarsu ta wani gefen. Tambaya ba ta maye gurbin abinci, kuma zai zama zalunci a mayar da tamowar yaro laifin zuciyar uwarsa, a wanke tsadar hatsi da rashin tsaro da gazawar hukuma. Abinci ne farko. Amma a gida biyu masu talauci iri ɗaya, sau da yawa za a ga yaro ɗaya ya farfaɗo ɗaya ya koma, kuma bambancin yakan kasance ko uwar na da sauran ƙarfin zuciyar da za ta tashi cikin dare ta lallaɓa yaron da ya ƙi ci.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne a san inda za a kai amsar. Ma'aikaciyar da ta sa mace ta faɗi abin da ta ɓoye shekara ashirin, sannan ta ce "Allah ya kyauta" ta kira ta gaba, ta yi aikin wanzamin da ya tsaga maruru ya tafi bai wanke ba bai ɗaure ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2013 kan cin zarafin mata, ta ƙi amincewa a riƙa tambayar kowace mace haka kawai, ta kuma shimfiɗa sharuɗɗa kafin a tambaya: wurin keɓewa, riƙe sirri, ma'aikatan da aka horar, da hanyar tura mace inda za ta sami taimako. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200. In da su za a jira, ba za a taɓa farawa ba.

Ba sai an jira su ba kuwa. A Rawalpindi, Atif Rahman ya horar da matan da ke bi gida-gida suna aikin lafiya, waɗanda karatunsu bai wuce sakandare ba, su riƙa zama da masu ciki da masu jego suna taya su warware tunanin da ke danne su. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna bayan wata shida da haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne kawai na matan da aka yi wa haka ke cikin ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 53. Nauyin jariran bai bambanta sosai ba, amma gudawa ta ragu, kammala riga-kafi ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta mayar da shi littafin koyarwa a 2015. A Harare ta Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya ajiye benci a harabar ƙananan asibitoci ya zaunar da tsofaffin mata da ya horar, masu damuwa na zuwa zama shida suna tattaunawa da su. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna alamun ciwon damuwa sun saura a jikin kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna bencin, waɗanda ba su zauna ba kuwa kusan rabi. A gida Najeriya, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya gwada a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, ya nuna ungozomomi da ma'aikatan lafiya na matakin farko za su iya gano ciwon damuwa na masu ciki da masu jego, su kuma kula da shi.

Daura na da kayan aikin da wurare da yawa ba su da shi. Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Daura na yaye ma'aikatan da ke riƙe da asibitocin karkara, kuma a ajinsu ya kamata a fara koyar da wannan zance na minti huɗu, da yadda ake saurare ba tare da zaro ido ko salati mai firgitarwa ba, da hukuncin wadda ta fitar da sirri. Su kansu ɗaliban a irin gidajen nan suka taso, wasu da nasu tabon, don haka dole a tanadar musu wanda za su kai wa nasu nauyin. Babban asibitin garin ya koma Cibiyar Lafiya ta Tarayya, nan ne za a tura 'yan ƙalilan ɗin da abin ya yi wa tsanani: mai tunanin kashe kanta, mai jin muryoyi bayan haihuwa, wadda ake duka yanzu haka. Doka ma ta samu. Katsina ta yi dokar kare yara a 2020 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, a Janairun 2023 kuma aka sanya hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Sai fada. Yaƙin shan-inna bai ci nasara a Arewa ba sai da sarakuna suka sa hannu, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida, har aka tabbatar da kawar da cutar a 2020. Kalma ɗaya daga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, cewa keɓewar ma'aikaciya da mai jego ba raini ba ne ga miji ko uwar miji, za ta sauƙaƙa abin da takardar ma'aikatar lafiya ba za ta iya ba. Malamai kuwa ba sa buƙatar a koya musu darajar riƙon maraya. Manzon Allah (SAW) an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalibi. Abin da ake roƙo shi ne huɗubar ta sauko kan agola da 'yar riƙo da ke cikin gidajen masu sauraro, malaman Islamiyya mata kuma, da ungozomomin gargajiya da tsofaffin da ake jin maganarsu, a zaɓo amintattu a horar da su su zama masu zaman benci.

Maza ma akwai nasu. Yaran da aka kwance wa mari a 2019, da dubban almajiran da suka girma ba su san ɗumin uwa ba, su ne magidantan yau da gobe, kuma hannun da ke dukan yaro a gida sau da yawa nasu ne. Asibitin yara ba ya ganinsu sai in ciwo ya yi tsanani an zo biyan kuɗin magani. Wannan wani aiki ne daban da ya fi dacewa da masallaci da majalisa.

Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Katsina za ta iya gwada abin a asibiti bibbiyu a kowace ƙaramar hukuma cikin biyar ɗin masarautar, na tsawon shekara guda. Kuɗinsa bai kai dala 29 a kan kowace mace ba: labule ne, da benci, da horon 'yan kwanaki, da ɗan alawus na masu zaman benci, da jami'i ɗaya daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da zai riƙa zagayawa duk wata yana jin matsalolin ma'aikatan. A ƙarshen shekara a duba rajista a ga ko matan da aka zanta da su sun fi dawowa allurar wata tara, ko guduwa daga shirin tamowa ta ragu, a kuma tambayi matan da kansu, ta bakin wanda ba ma'aikacin asibitin ba, ko an riƙe musu sirri. Asibitin da aka samu maganar mace ɗaya ta fita daga cikinsa, a dakatar da tambayar a can har sai an gano ta inda ta fita.